Kundi na Biyu da Tambayar Gaskiya

A Janairun 2006 samarin Arctic Monkeys na Sheffield a Ingila suka saki kundinsu na farko, aka sayi kwafi fiye da 360,000 cikin mako guda. Alex Turner, mawaƙin ƙungiyar, ɗan shekara 20 a lokacin, yana waƙa ne kan layin shiga gidan rawa da neman tasi da tsakar dare.

To sai me? Shahara ta raba shi da rayuwar da ta haifi waƙoƙin. In ya maimaita, ƙarya ce. In ya sauya, masoya su kira shi butulu. Butulcin nan ya fi ƙaryar mutunci nesa ba kusa ba.

A 2007 kundinsu na biyu, Favourite Worst Nightmare, ya fito, kiɗa mai sauri da zafi, cike da kewa da rabuwa. Kafin nan Andy Nicholson, abokin tafiyarsu tun farko, ya bar ƙungiyar.