Adashen Goggo da Injin Yanka Ƙyalle

A birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa, inda 'yan Nijar da dama suka yi kaka-gida, akwai wata tela 'yar Maraɗi da kowa ke kira Goggo. A falonta take ɗinki. Kayan salla, ankon biki, rigunan suna, duk wurinta ake kaiwa, kuma kowace atamfa ta yanka sai ta bar ƙyallaye. Zuciyarta ba ta yarda ta zubar da su ba, har suka cika buhu uku a bayan kujera.

Maƙwabciyarta tsohuwa ce baƙar fata, haifaffiyar garin, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a masaƙar White Oak, inda aka yi ta saƙa yadin jins tun 1905 har aka rufe ta a ƙarshen 2017. Yara suka sa mata Kaka, sunan ya bi ta. Ita ta koya wa Goggo bargon ƙyallaye irin na Amurka: a yanka ƙyalle ƙanana-ƙanana daidai wa daida, a harhaɗa su su zama fuskar bargo, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan a bi duka ukun da ɗinki. Aikin ya shiga ran Goggo sosai. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai shi ne wuyan hannunta na dama, wanda almakashi ya ci shekara da shekaru. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ta rage yanka.

Ana cikin haka ta kwashi adashe, dala 400.

Auta, 'yar ƙaninta da ke zaune wurinta tana karatu, ta gama kashe kuɗin a zuci tun kafin su shigo hannu. Ta miƙa mata waya.

"Goggo, kin ga wannan? Cricut Maker sunanta. A waya za a zana abin da kike so, ita kuma ta yanka. Fure, tauraro, haruffa, komai da komai. Ke da almakashi sai dai kallo."

Auta ba ƙarya ta yi ba. Na'urar ta fito a 2017 a kan kusan dala 400, kuma abin da ya ɗaga ta shi ne wata 'yar wuƙa mai taya da ke yanka ƙyalle tsuransa, ba sai an manna masa wani abu a baya ya ƙarfafa shi ba. Duk wanda ya kalli bidiyonta yawunsa zai tsinke. Goggo ma nata ya tsinke, amma ta san wahalar da ta sha kafin zubin adashen nan ya cika. Ta ce, "Mu je Kaka ta gani."

Kaka ko kallon wayar ba ta yi ba. Cewa ta yi a ɗauko buhu ɗaya a zazzage a ƙasa. Sannan ta tambayi Goggo wane bargo take da niyyar yi kafin sanyi ya shigo. Goggo ta ce na babban gado, inci 90 ta kowane gefe, da ƙananan murabba'ai. Kaka ta miƙa wa Auta fensir da bayan ambulan.

"Ke ce 'yar makaranta. Kowane murabba'i inci 2 da rabi ake yanka shi. Ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe, ya rage inci 2. Guda nawa goggonki take bukata?"

Auta ta buga 45 sau 45. "Guda 2,025."

"Faifan da ake manna wa na'urarki ƙyalle inci 12 ne, kuma ba ta yanka har bakinsa. Nawa zai ɗauka?"

"16."

"Falle nawa a lokaci guda?"

"Ɗaya."

"Raba mu ji."

Ya tashi sau 127. Auta ta yi wuf ta ce ai akwai dogon faifai mai inci 24. Suka sake lissafi: 36 a kowane zubi, sau 57 ke nan.

"To, sau 57 kina mannawa, kina shafawa ya kwanta, kina jira, kina ɓamɓarewa. Wannan ma in sabon yadi ne mai faɗi. Dubi abin da ke gabanki."

Auta ta duba. Yawancin ƙyallayen ba su fi tafin hannu biyu ba. Ragowar wuyan riga, gefen zani, gutsuren hannu.

Duk da haka Kaka ba ta ce kada a saya ba. Ta ce zuwa da kai ya fi aike: ɗakunan karatu da yawa a Amurka suna ajiye irin wannan na'ura don jama'a su yi aiki da ita, a je a gwada kafin a fitar da ko sisi. Ranar Asabar Auta ta samu wani da ke da ita, ta tafi da jakar ƙyallaye. Ta dawo da yamma da ɗan ƙullin murabba'ai, kyawawa ƙwarai, babu wanda ya fi wani. Sai dai zare da gashin atamfa sun cika faifan har danƙonsa ya fara sanyi, kuma rabin lokacin a jera ƙananan ƙyallaye ya tafi. Da ta gaji, ta yanka sunan Goggo da manyan haruffa daga wata shuɗiyar atamfa, don nishaɗi kawai. Haruffan sun fito tsaf, irin yankan da hannu ba ya iyawa. Goggo ta juya su, ta sake juyawa, ta adana su a cikin littafin awo.

Ni dai ban ga wautar Auta ba. Na'urar da ta zaɓa gwana ce a fagenta. Mai yanka furanni da haruffa, ko siffa mai lanƙwasa da girmanta ke canjawa daga aiki zuwa aiki, da wuya ya sami abin da ya fi ta. Abin da Auta ta tsallake ƙarami ne: ta san abin da na'urar ke iyawa ciki da bai, amma ba ta taɓa ƙirga abin da Goggo ke yankawa ba.

Washegari Kaka ta fito da nata kayan aikin daga aljihun tebur: wuƙa mai taya, rular roba mai kauri da ake gani ta cikinta, da koren faifai. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da irin wannan wuƙa a 1979, kuma ita ta canja wa masu bargo rayuwa, domin da ita ake ninka yadi a tsaga shi dogo-dogo a jan hannu ɗaya. Duka ukun ba su kai kwatan kuɗin adashen ba. Kaka ta ce mai lafiyayyen hannu, wanda murabba'i da dogayen tsagi ne aikinsa, in ya sayi abin da ya wuce wannan to sha'awa ce kawai. Goggo ta gwada. Hannun hagu na danne rula, na dama na danna wuƙa yana turawa. A tsagi na biyar ta ajiye, tana murza wuyan hannu.

"Iyayenku da me suka yanka?" in ji Goggo.

Kaka ta yi dariya. Ta ce da almakashi ɗaya na gida, wani lokaci ma yagawa ake yi. Ta ba ta labarin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, waɗanda suka riƙa haɗa barguna da tsofaffin tufafin gona na mazajensu. A 2002 aka rataye bargunan a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma suka hau kan sarki na gidan waya. "Amma yawancinsu ba haɗuwar kusurwa da kusurwa ce ta dame su ba. Ke ita kike so, kuma hannunki ya gaji. Saboda haka naki daban ne."

Nata shi ne inji irin na kamfanin AccuQuilt da ke Omaha a jihar Nebraska. Kamar injin taliya 'yar murji yake. Akwai allo mai wuƙaƙen ƙarfe a ɓoye cikin soso, an lanƙwasa su da siffar da ake so. A ɗora ƙyalle a kai, har falle 6 na auduga, a rufe da faifan roba, a murza hannu, allon ya ratsa tsakanin naɗi biyu ya fito ta ɗaya gefen da yankakken ƙyalle. Ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da waya. Allon da ke fitar da murabba'i 9 a falle ɗaya zai ba da 54 a murzawa guda. Gutsuren da bai fi tafin hannu ba ma yana da wurin zama a kai.

A nan ne tarkon yake, kuma a nan masu ƙaramin ƙarfi suka fi faɗawa. Injin shi kaɗai ba ya yanka komai. Kowace siffa da allonta, kowane girma da allonsa, wani dala 30, wani ya haura 100. Wanda ya dubi kuɗin da ke jikin kwali kawai, ya ga kuɗin shiga ne, bai ga na zama ba.

Auta ce ta fara cin karo da tarkon. Ta gano wata mata da ke sayar da ƙaramin injin irin wannan, na hannu, a kan dala 40. Ta zo tana murna. "Goggo, wannan ai tsintuwa ce!" Suka ɗauki Kaka suka tafi. Injin tsaf yake, kamar ba a taɓa shi ba. Kaka ta zaro tef ta auna bakinsa: inci 6. Allon murabba'i 9 da suke nema faɗinsa inci 10 ne. Ko da man shanu ba zai shiga ba. Matar, mai gaskiya ce, ta ce ai abin da ya sa take sayarwa ke nan. Ita ma arharsa ta ja ta, daga baya sai da ta sayi babba. Ta buɗe musu wani kabad cike da alluna, na zuciya, na ganye, na mage, na dusar ƙanƙara, ta ce yawancinsu sau ɗaya ta yi aiki da su, wasu ko ledarsu ba ta ɓare ba. A mota Goggo ta kalli Auta ta ce, "'Yar nan, arha ba ta ado." Auta ta yi shiru har gida.

Sai da suka yi haƙurin kusan wata guda. Kaka ta sa kunne a ƙungiyar masu bargo ta cocinsu, har aka ji wata na sayar da kayan mahaifiyarta da ta rasu. Matsakaicin inji ne mai ɗaukar allon inci 10. Goggo ta je da ƙyallenta. Ta murza hannun ta ji ko yana cijewa, ta danna soson allunan ta duba ko wuƙa ta lotsa ko ta yi tsatsa, ta yanka falle 6 ta ɗaga na ƙasa ta ga ko ya rabu. Alluna goma sha wani abu suka tarar. Biyu ta ɗauka, na murabba'i da na alwatika, duk da mai kayan ta yi mata ragi in za ta kwashe duka. Inji da alluna biyu da sabon faifan roba suka tashi dala 180.

Auta ta ga ragowar dala 220 ta ce a ƙara ko da allo ɗaya ne. Goggo ta ƙirga mata da yatsu: audugar tsakiya, shafi yadi 3 na mai faɗin inci 108, zare, allurar keke, da faifan roba na gaba, tunda shi cinyewa yake yi. Babu ɗaya daga ciki da ya taɓa shiga lissafin Auta.

Yankan farko bai yi kyau ba. Wasu murabba'an suka fito da ɗan gibi, ba su cika inci 2 da rabi ba. Auta har ta fara cewa an cuce su. Kaka ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta ja shi ta tsawo, ta ja ta faɗi. Ta nuna musu cewa saƙa tana miƙewa ta wani gefe, ta ƙi ta wani. Gefen da ba ya miƙewa shi ake sa wa ya bi tsawon allo yayin shiga inji, in ba haka ba naɗin zai ja ƙyallen ya yanka, ya koma ya tsuke. Ta kuma sa suka wanke atamfofin don mai zuba ta zuba tun yanzu, suka goge su. Saboda kaurin atamfa Goggo ta tsaya a falle 4. Cikin yammaci uku, tana murzawa Auta na jerawa, aka cika 2,025, kuma ba ta nemi man zafi ba.

Bargon ya fito kafin tsakiyar hunturu. Wata mai jego ta gan shi a gadon Goggo ta ce a yi wa jaririnta ƙarami, amma da sunansa a tsakiya. Goggo ta buɗe littafin awo ta zaro haruffan nan na shuɗiyar atamfa ta nuna mata, matar ta ce irinsu take so. Auta ta koma ɗakin karatu ranar Asabar ta yanko sunan, kuɗin mota kaɗai ta kashe.

Bayan 'yan kwanaki ta sake zuwa da waya a hannu, wannan karon allon wani fure mai ganye takwas.

"Goggo, wannan kam zai yi kasuwa."

"Wa ya ce a yi masa?"

"Babu tukuna."

"Rubuta shi a bayan littafi. Ranar da mutum uku suka nema, ki tuna mini."

Har ƙaramar salla mutum ɗaya ce ta nema. Kaka ta aro musu allon daga wata 'yar ƙungiyarsu na mako guda, suka yanka furannin, suka mayar mata da shi tare da kwanon dambun nama.