Motar da Ba Ta Tashi da Azahar

A wani gareji da ke bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano akwai wani dattijon rewaya da kowa ke kira Baba. Ba shi da yawan magana, ga shi da nawa wajen aiki, har masu gaggawa sukan wuce shi su tafi wurin samari. Cikin yaransa akwai ƙaraminsu, Auta, mai kaifin kai da saurin hannu, sai dai bakinsa ya fi hannun sauri.

Wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wata malamar makarantar firamare ta kawo motarta. Honda Accord ce ƙirar 1990 zuwa 1993, wadda ake kira Halla, mai injekta. Da ƙafarta motar ta shigo, injin yana kaɗawa lafiya lau. Bayan gaisuwa Malama ta zayyana abin da ke damunta. Da safe bugu ɗaya take tashi. Idan aka tashi daga makaranta wajen azahar kuwa, sai ta yi ta kik, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Sai ta bar ta nan ta hau a-daidaita-sahu, in ta aiko ɗanta bayan la'asar sakaliya, ya murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. An canza mata filogi, an canza batir, an canza famfon mai. Bakaniken ƙarshe ya ce birenbos ne, ta kawo kuɗi a sayo na Beljiyam.

"Baba, ai birenbos ɗin ne," in ji Auta. "Me ya rage?"

Baba bai ko dube shi ba. Ya tambayi Malama inda take ajiye motar a makaranta. Ta ce a fili, babu inuwa. Gilasai a rufe? Ta ce a rufe, saboda yara. Ya tambaye ta ko ta taɓa ƙin tashi a gaban bakanike. Ta yi dariya mai ɗaci, ta ce ai abin da ya fi ba ta haushi ke nan, duk wanda ta kai wa sai motar ta kunyata ta, ta tashi garau, har mijinta ya fara cewa ita ce ba ta iya tayar da mota ba.

"Ki bar ta, Malama. Gobe in Allah ya kai mu ki dawo da yamma."

Washegari da hantsi Baba ya sa Auta ya fitar da motar daga ƙarƙashin darbejiya ya kai ta tsakiyar rana, ya ɗaga gilasai, ya kulle. Auta ya ɗauko sifana da sukundireba yana jiran umarni. Baba ya ce ya ajiye su ya je ya wanke kan batiran da ke cikin shago. Haka suka wuni, motar tana gasuwa, Auta yana ƙunƙuni a ransa cewa tsufa ne ya fara taɓa maigidansa. Sai da suka idar da sallar azahar Baba ya ce, "To, yanzu mara lafiya ya kwanta, zo mu duba shi."

Suka buɗe ƙofa, hucin ciki ya buge su. Baba ya hana Auta yin kik. Ya ce ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa, shi kuma ya murɗa makulli zuwa mataki na biyu, inda fitilun dashbod ke kamawa. A irin wannan mota, da zarar an kai makulli wurin, famfon mai da ke cikin tanki yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa 2 don ya cika bututu kafin a tayar. Auta ya saurara. Shiru. Aka sake, shiru. Baba ya yi kik, injin ya yi ta juyawa bai kama ba. Ya zare wayar filogi guda ya gwada, wuta shuɗiya tana tsalle.

"Wuta akwai, mai babu. Famfon ne!" in ji Auta.

"Wanda aka sa sabo?"

Auta ya yi tsit. Baba ya sa shi ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya nuna masa wani ɗan akwatin roba da ke maƙale can sama a gefen direba, mai ƙafa 7. Babban rile ke nan, wanda Honda ke kira na PGM-FI. A ido ɗaya ne, amma biyu ne a cikin gida guda. Na farko yana kamawa da an murɗa makulli, shi ke kai wutar batir ga birenbos da injektoci. Na biyu shi ke ba famfon mai wuta, kuma ba ya kamawa sai birenbos ya ba shi at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir: daƙiƙa 2 a farko, daga nan sai in injin yana juyawa. Don haka idan famfo ya yi shiru, ana iya samun laifin a fiyus, ko a makulli, ko a wayar at, ko a birenbos, ko a rilen, ko a wayar da ta tafi tanki, ko a famfon kansa. Masu canji-canji sukan fara da wanda ya fi tsada, wai ko a dace, alhali kuɗin ba daga aljihunsu yake fita ba.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da sauri wannan karon, don kada motar ta huce ciwon ya ɓuya. Fiyus lafiya. Ya soka tsinken mita ta bayan soket: wutar batir tana zuwa, bolt 12 da ɗoriya. Ta makulli tana zuwa. At yana nan daram. Ya sa Auta ya ɗora yatsa a jikin akwatin, ya murɗa makulli, Auta ya ji ƙyas, bayan daƙiƙa 2 ya sake jin ƙyas. Birenbos yana ba da umarni ke nan, rilen kuma yana amsawa. Amma ƙafar da ke fita zuwa famfo, fitilar gwaji ba ta ko ƙyafta a kanta ba. Baba ya ɗan ƙwanƙwasa akwatin da gindin sukundireba, aka murɗa makulli, sai ga gurnanin famfo daga baya.

Suka ciro shi suka ɓalle murfin. Baba ya miƙa wa Auta gilashin ƙara girma, ya ce ya dubi bayan allon, wurin da aka like ƙafafu da dalma. Da ƙyar Auta ya gano wani siririn zobe da ya kewaye ƙafa biyu, bai kai kaurin gashi ba. Shekaru ne na zafi da sanyi da girgizar hanya suka tsaga dalmar. Da safe bakin tsagar yana haɗe, wuta ta wuce. In rana ta dafa cikin motar, ƙarfe da allo su buɗe, tsagar ta rabu. Baba ya zuƙe tsohuwar dalma ya zuba sabuwa a duk ƙafafun, suka mayar, suka sake rufe motar a rana. Ta tashi bugu ɗaya. Abin da Malama ta biya bai kai kuɗin filogin da aka canza mata a banza ba.

Daga ranar Auta ya samu waƙa a baki. Duk Honda da ta shigo, kafin mai ita ya gama sallama ya ce rile ne. Sau da yawa kuma yakan dace, domin ciwo ne sananne a Accord da Civic na shekarun 1990, har yaran makwabta suka fara kiransa Injiniya.

Rannan Baba ya tafi jana'iza, aka jawo wata Halla da igiya. Ta wani Alhaji ce ɗan kasuwa, tana juyawa ba ta kamawa, famfo shiru. Auta bai tambayi komai ba. Ya ciro rilen ya zuba masa dalma, bai yi ba. Ya ce wa Alhaji ai wannan ya ƙone gaba ɗaya, ya karɓi kuɗi ya ruga kasuwa ya sayo wani. Ya sa, shiru. Ya koma ya yi rigima da mai kaya, aka canza masa, nan ma shiru. Lokacin da Baba ya dawo, gumi ya jiƙa Auta sharkaf, ya fara lallaɓa Alhaji da zancen birenbos.

Baba ya gaisa da Alhaji, ya ba shi haƙuri, ya tambaye shi yaushe abin ya fara. Alhaji ya ce jiya da safe, da sanyinta ma. Wane aiki aka yi mata na ƙarshe? Ya ce shekaranjiya wani bakanike ya cire mata tamostat, wai tana zafi. Baba ya kalli Auta. Ya ce ya ɗora yatsa a kan rilen. Aka murɗa makulli, babu ƙyas ko ɗaya.

"Wancan na Malama ya yi ƙara?"

"Ya yi, Baba."

"Wannan fa?"

Auta ya ɗauki mita da kansa. Wutar batir tana zuwa, ta makulli tana zuwa, at babu. Baba ya buɗe bonet ya nuna masa gidan tamostat, inda Honda ta ɗaure wayoyin at na birenbos da na rilen da ƙusa guda. Wanda ya yi aikin ya mayar da ƙusar, ya bar wayoyin suna lilo a gefe. Auta ya goge kawunansu da samfefa, ya ɗaure. Motar ta tashi.

Alhaji ya zura hannu a aljihu, Baba ya ce ya dakata. Ya sa Auta ya ciro rilen da ya sayo, ya mayar da na asali, aka tayar ta tashi.

"Maza ka kai wa mai kaya abinsa kafin ya rufe shago, ka karɓo wa Alhaji kuɗinsa. Ka kuma ba shi haƙuri, kayansa lafiyarsu ƙalau."

"In ya ce sai ya cire wani abu fa, Baba?"

"Sai ka cika daga kuɗin abincinka."