Hannun da Aka Sauke

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka damƙa mini ajin 'yan shekara 13 zuwa 17 a majami'armu da ke Jos. Wata Lahadi muna cikin darasi a kan kariyar Allah, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. An kashe mahaifinta a wani rikici, yana hanyar dawowa daga gona. Ta ce, "Malam, ina Allah yake a ranar nan?" Kafin in buɗe baki, wani dattijo da ya leƙo ajin ya tsawata mata, ya ce ba a yi wa Allah tambaya. Ta sauke hannu, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Ba na zargin dattijon da mugunta. Shi ma rainon wata al'ada ne, wadda ta gina hidimar matasa a kan horo. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta iso majami'unmu da fareti da kaki da koyar da biyayya, kuma ba ƙaramin alheri ta yi ba. Yaron da yake filin atisaye da yamma ba ya lungu tare da masu shan ƙwaya. Sai dai biyayya daban, bangaskiya daban, ko da yake daga nesa kamanninsu ɗaya.

Ƙaramin yaro yana karɓar addini kamar yadda ya karɓi sunansa, ba wanda ya nemi shawararsa. A shekarun ƙuruciya ne abin da ya gada yake zama nasa, ko ya suɓuce masa, kuma ban ga yadda zai zama nasa ba in an hana shi ɗaga shi ya ji nauyinsa. Abin mamaki, Littafin da muke koyarwa bai tsani masu tambaya ba. Luka ya nuna Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, yana sauraron malamai yana yi musu tambayoyi. Toma ya ƙi gaskata tashin Ubangijinsa sai ya gani da idonsa. Ba a kore shi daga cikin almajirai ba, aka nuna masa raunukan. Ayuba ya yi ta jayayya da Allah a kan wahalarsa, amma a ƙarshe abokansa masu kare Allah da amsoshi shiryayyu ne suka sha tsawa.

Za a ce ba kowace tambaya ce ta neman gaskiya ba, kuma malami ɗan shekara 23 ba shi da amsar da za ta warkar da marainiya. Duka biyun gaskiya ne. Amma tambayar da aka hana yi a coci ba ta mutuwa, gida take sakewa. Tana komawa waya, ko wurin wanda ke da amsa a shirye: ga waɗanda suka kashe ubanki, ga addininsu, ga abin da ya kamata a yi musu. A garin da ya sha zubar jini tun 2001, irin wannan malami ba ya wuyar samu. Abin da yarinyar nan take bin mu bashi, a ganina, shi ne babba guda da zai zauna kusa da ita ya ce shi ma tambayar tana damunsa, amma bai bar addu'a ba.

Ta ci gaba da zuwa sujada. Ta shiga ƙungiyar mawaƙa, aka yi mata baftisma bayan shekara guda, dattawa suna kafa misali da natsuwarta. Har na bar ajin, ba ta sake ɗaga hannu ba.