Neman Lamunin Karatu: Roƙo Ne Ko Amana?

Bahaushe yana ƙyamar roƙo, domin a ganinsa hannun da ke karɓa kullum a ƙasa yake. To, shin ɗan manomi daga Chanchaga da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya zubar da mutuncinsa ne idan ya nemi lamunin asusun NELFUND?

Ko kusa. Dokar asusun ta 2024 ta tanadi bashi ne marar ruwa, wanda za a fara biya shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa. Mai bara ba ya alkawarin maidowa, mai cin bashi kuwa ya ɗauki amana.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. A 1972 gwamnati ta kafa hukumar ba ɗalibai lamuni, amma ta durƙushe, galibi saboda da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa ba su maido ba. Ƙannensu ne suka tarar da ƙofa a rufe.

Saboda haka, ya mai karatu, nemi lamunin kanka a sama. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda ya samu hali ya ƙi biya, gurbin karatun wani ɗan talaka ya cinye.