Balaga, Rushdu da Amanar Shugaban Makaranta

A makarantun Gwandu da Kalgo, kamar sauran na Jihar Kebbi, akwai ɗaliban da larurarsu ba ta fito fili ba: mai nauyin ji, mai raunin gani, mai in'ina, da mai jinkirin fahimta. Ba a kai su makarantar masu buƙata ta musamman. Cikin aji suke tare da kowa, ana ciyar da su gaba shekara bayan shekara. Abin tambaya shi ne, alhakin wane ne shirya su domin ranar da za su bar makaranta su riƙe kansu?

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ya rasu a 1829, ya raba al'amarin riƙon kai gida biyu. Na farko ɗaukar hukunci: duk wanda ya balaga kuma yana da hankali, salla da azumi sun hau kansa. Larura mai sauƙi ba ta sauke masa su, sai dai a yi masa rangwame gwargwadon iyawarsa. Na biyu sarrafa dukiya, wanda balaga kaɗai ba ta isa ba sai an ga rushdu, wato iya tattali da sanin riba da faɗuwa.

Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umurci waliyyi ya riƙa jarraba maraya kafin ya miƙa masa dukiyarsa. Malamai sun bayyana cewa kowane yaro da irin jarrabawarsa: ɗan ɗan kasuwa a saye da sayarwa, ɗan manomi a harkar gona, kuma a fara da kaɗan. Ke nan rushdu abu ne da ake renonsa sannu a hankali, kuma renon yana wuyan wanda aka ba amanar yaro. Tarihi ma ya nuna ba a raina mai larura. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, kuma Annabi (SAW) ya sha wakilta shi a Madina idan zai fita.

Shugaban makaranta ba waliyyi ba ne a shari'ance, amma yaro yana hannunsa tsawon shekara 9 na ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta wajabta. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbi ba ya amfanar wanda ba a shirya ba.

Shirin yana farawa da gano larurar tun firamare, ta hanyar gwajin ji da gani a asibiti. Daga ƙaramar sakandare sai shugaba ya zauna da iyaye da malamin aji, a ji ta bakin ɗalibin kansa, a tsayar da inda aka dosa. Mai nauyin ji da ke da kaifin ƙwaƙwalwa yana iya kaiwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke hanyar Kalgo zuwa Bunza. Mai jinkirin fahimta a haɗa shi da maigidan sana'a, ko tela ko mai noman shinkafa a fadama, yana koyo yana ci gaba da zuwa aji. Ƙirga kuɗi, riƙon alƙawari, tsarki da hukuncin aure duk suna cikin darasin, ga namiji da mace.

Shugaban da ya sallami irin wannan ɗalibi da takarda kaɗai, ba sana'a ba dabarar riƙon kai, bai sauke amanar da aka ɗora masa ba.