Kafin Ka Ce Ta Ƙone, Duba Wayar Tsakani

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya san wannan hali. An kunna kwamfuta, fanka na juyawa, fitilar gaban akwati ta kama, amma allo ya yi baƙi ƙirin, in ban da ɗan rubutu da ke cewa babu sigina. Nan take sai mai shago ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, ta ƙone." Har ya fara lissafin kuɗin sabon allo. Alhali wannan ɗan rubutun shaida ne cewa allon na da rai, don mataccen allo ba ya rubuta komai. Cewa yake yi yana jira, ba abin da ya iso gare shi.

Kafin hoto ya fito, akwai 'yar gaisawa da ake yi tsakanin akwatin da allon. Allo yana ɗauke da taƙaitaccen bayani game da kansa, wanda masana ke kira EDID: kamfanin da ya ƙera shi, da girman hoton da zai iya ɗauka. Ta cikin waya yake miƙa wa kwamfuta wannan bayani. Wayar nan mai shuɗin kai, VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, allurai 15 gare ta a layi uku. In ta 12 ko ta 15 ta lanƙwashe, kwamfuta ba za ta gane wane irin allo ne a gabanta ba. In ta 13 ko ta 14 ce, hoton ma ba zai tsaya ba. Ita kuwa HDMI allurai 19 gare ta, kuma aikin ta 19 ɗin shi ne sanar da kwamfuta cewa an jona wani abu. In ba ta taɓa yadda ya kamata ba, kwamfutar za ta ɗauka ba komai a jikinta, ko da allon sabo ne fil.

Sau da yawa ma wayar lafiyarta ƙalau, ƙofa aka ɓata. Kwamfutar da ke da katin hoto na daban tana da ramuka a wuri biyu a bayanta, na sama a jikin madabod, na ƙasa a jikin katin. In aka soka a na sama, galibi shiru za a ji, saboda kwamfutar ta riga ta mayar da aikin hoto ga katin. Haka shi ma allon, in an bar shi yana sauraren HDMI alhali ta VGA aka jona shi, sai an danna maɓallinsa an zaɓar masa hanya. Sannan 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA gefe ɗaya take aiki, ba ta komawa baya, kuma masu saye da yawa ba sa tambaya.

Abin da ke burge ni ga mai gyara na ƙwarai shi ne haƙurinsa. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Zai sauya waya ya duba. In shiru, ya kai allon jikin wata kwamfutar. Sai waɗannan sun fita daga zargi sannan zai zare wuta, ya buɗe akwati, ya ciro ram ya share ƙurar hunturu da ta taru a bakinsa, ya mayar har sai ya ji ya zauna daram. Mai gaggawa kuwa ya sauya waya da allo da ram gaba ɗaya, in ta tashi bai san me ya gyara ba, ya kuma jawo wa mai kaya kashe kuɗin banza.

Wannan ne abin lurar, kuma ya fi damuna a kan mutane. Sau nawa wa da ƙani suka daina magana, kowa na cewa ɗan'uwansa ya canza hali, alhali zukatan biyu lafiya suke? Saƙo ne bai isa ba, ko ɗan aike ya kai shi a karkace, ko an gaya wa wanda ba shi ya kamata a gaya wa ba. Mun iya saurin cewa wane ya yi girman kai, amma da wuya mu tambaya ko gayyatar da muka aika ta kai hannunsa. Shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take. Ka je da kanka ka ji daga bakinsa, kafin ka yanke masa hukunci.

In kuma lamarin kwamfutar ya kai ga zuwa wurin mai gyara, don Allah kada a ɗauki akwatin kaɗai. A haɗa da allon da ainihin wayar da ake amfani da ita. In ba haka ba, zai gwada da tasa wayar ya ga komai na aiki, ka biya kuɗin dubawa, ka dawo gida ka tarar da matsalar tana nan yadda ka bar ta.