Yardar Mai Sarƙa a Ƙafa

Idan mutum ya samu taɓin hankali, aka ɗaure shi da sarƙa, sai likita ya zo ya nemi sa shi cikin bincike, ya ce "na yarda", shin wannan yarda ce?

A 2018 mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta buga sakamakon binciken da Angela Ofori-Atta da abokan aikinta suka yi a Mount Horeb, wani sansanin addu'a na Kirista a Ghana, inda ake ɗaure wasu marasa lafiya. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka bar su da addu'a kamar yadda aka saba, ɗayan aka ƙara musu maganin asibiti. Bayan mako shida, masu shan magani sun fi samun sauƙi, amma kwanakin da suka yi cikin sarƙa ba su ragu a zo a gani ba.

Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta sa yardar mutum, ba tare da tilas ba, ta zama sharaɗin farko na gwaji a kansa. Sanarwar Helsinki, wadda aka fara fitarwa a 1964, ta ba wakili damar amincewa a madadin wanda ba zai iya ba. To amma wane ne wakilin? Sau da yawa ɗan uwan da ya kawo shi ne, wanda ya gaji, yake neman a rage masa nauyi. Shi kuma maras lafiyan, wanda bai isa ya je makewayi ba sai da izini, ta yaya zai ce wa mai farar riga a'a?

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa a haramta irin wannan bincike ba. A shirye-shiryena na rediyo, masu kira daga zango suna ba da labarin gidajen mari da ba likitan da ya taɓa leƙawa. Idan masu bincike suka kauce don kada hannunsu ya ɓaci, sarƙar tana nan, sai dai babu shaida. Wannan binciken ne ma ya nuna cewa ciwo ba shi kaɗai ke riƙe mutum a mari ba.

Ra'ayina shi ne a yi binciken, bisa sharuɗɗa. A nemi yarda daga bakin mutumin, ba a gaban mai riƙe da makulli ba. A sake tambayarsa idan hankalinsa ya dawo, in ya ƙi a ƙyale shi, kuma kada ƙin ya hana shi magani. Sannan a auna nasara da yawan ƙafafun da aka kwance, domin wanda ya warke alhali yana ɗaure har yanzu yana bin mu bashi.